Daren da filashina ya ƙi ganin diskin Kawu

Ranar wata Alhamis, gab da magariba, ina tattara kaya zan rufe shagona na gyaran kwamfuta, sai ga Kawu ya shigo da laftof a hammata, ko jaka babu. Kawu ba ya zuwa shagona. In yana da matsala aike yake yi, ko ya kira ya ce in biyo ta Fagge in na tashi. Ganinsa da ƙafarsa kawai ya gaya min ba lafiya.

"Ɗan nan, abar nan tun azahar ta ƙi tashi. Katin bikin mutane na ciki, kuma gobe bayan Juma'a za su zo karɓa."

Sana'ar Kawu ɗab'i ce: katin biki, kalanda, littafin rasit, fosta in kakar siyasa ta zo. Abin da ke cikin laftof ɗin ya wuce fayiloli. Akwai CorelDRAW ɗinsa, manhajar zane, da ya saita yadda hannunsa ya saba, akwai nau'ukan rubutu da ya yi shekaru yana tarawa ɗaya bayan ɗaya, na Larabci da masu ƙugiyar Hausa, akwai wata tsohuwar manhajar injin yankan sitika da ko shi bai san inda faifanta ya shige ba. Irin wannan kwamfutar ba a ce mata "a yi mata fomatin kawai". In ka sa masa sabuwar Windows fes, ka ba shi shago ne da babu komai a kan kanta.

Na kunna, na shiga saitin BIOS, 'yar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, babu diski a jerin. Na buɗe bayanta, na zare SSD ɗin, wato diskin ajiyarta, na saka a wani gidan diski na jona da kwamfutar tebur ɗina, shiru. Tsohon had dis mai juyawa yakan yi maka kashedi, ya yi ƙas-ƙas, ya yi nauyi na makonni. Wannan ɗan siririn mai kama da cingam yakan mutu ne kamar an kashe fitila.

Ban damu ba. Gaskiya har da ɗan alfahari na ce, "Kawu, ku zauna ku sha shayi, kafin isha'i kun tafi da ita." Domin wata takwas kafin nan ni da kaina na sa masa Macrium Reflect, na sayo masa diskin waje, na saita ta riƙa ɗaukar hoton diskinsa. Ya zo da diskin wajen a aljihun riga. Na aiki yaron shagona wurin maƙwabcinmu mai sayar da kaya ya karɓo sabon SSD, giga 512, ninkin wanda ya mutu.

Ga wanda bai san bambanci ba: kwafe fayil kwashe kaya ne daga ɗaki. Hoton diski kuwa ɗaukar gidan ne sukutum, har da ƙyaure da kwaɗo da ƙusar da ake rataye hula. In ka mayar da shi kan sabon diski, kwamfutar ta tashi kamar ba abin da ya faru. Sai dai hoton ba ya mayar da kansa. Windows ɗin da za ta buɗe manhajar ta mutu tare da diskin, don haka dole ka tayar da kwamfutar daga wani wuri dabam, wato filashin tashi, wanda a kasuwa muke ce wa butabul. Ruwan yana rijiya, filashin shi ne guga. Daren nan na fahimci masu cewa rijiya ta bayar guga ya hana.

Na ciro filashin da ke jikin makullaina. Ya yi shekaru tare da ni, ya tayar da kwamfutocin da ban san adadinsu ba. Na soka, na kunna, na yi ta dukan maɓallin zaɓen wurin tashi. Kowane kamfani da nasa: HP F9, Dell da Lenovo F12, Asus galibi Esc. Jerin ya fito, babu filashina a ciki. Na canja rami, babu. Na hura ramin, wai ko ƙura ce, kamar yadda kowa ke yi in ya rasa abin yi.

Sai da na koma saitin na nemi inda ake kunna Legacy na rasa, sannan na gane. Tsohon BIOS ba ya neman komai sai farkon diski: ya karanta bayit 512 na farko, abin da ya tarar a nan shi yake bi. UEFI kuwa, magajin BIOS a sababbin kwamfutoci, ya iya karanta fayil. Yana neman ɓangaren da aka tsara da FAT32, ya shiga foldar EFI, ya shiga BOOT, ya nemi fayil mai suna BOOTX64.EFI. In bai same shi ba, a wurinsa filashinka ba abin tashi ba ne, ko sunansa ba zai nuna maka ba. Kwamfutocin tsakiyar zamani suna jin yaren biyu, akwai wani saiti, CSM ko Legacy, da ke yi musu tafinta. Sababbi da yawa an cire musu shi ɗungurungum. Filashina na tsohon yare ne, kuma da NTFS aka tsara shi, ba FAT32 ba. Abin da ya rufe min ido shi ne yawancin kwamfutocin da ake kawo min na hannu ne, 'yan gwanjo masu shekara takwas zuwa goma, duk suna da tafintan. Ta Kawu ita ma ta hannu ce, amma yarinya ce.

Yaron ya ce, "Oga, ga nawa, Ventoy ne."

Ventoy ya fito a 2020, kuma ya sauƙaƙa mana rayuwa ƙwarai. Sau ɗaya kake shirya filashin, daga nan sai dai ka riƙa jefa fayilolin ISO, wato kwafin faifan tashi a fayil guda, ciki kamar kana tura waƙa, in ka tashi ya jero maka su ka zaɓa. Kafin shi kowane ISO da filashinsa, ko ka yi ta gogewa da manhajar Rufus kana sakewa. Na zauna a kwamfutar tebur na sa Macrium ta haɗa min sabon ISO na ceto, na jefa a filashin yaron, na soka a laftof. Wannan karon ya fito a jerin. Na zaɓa, sai shuɗin allo: "Verification failed: (0x1A) Security Violation".

Wannan Secure Boot ne, mai gadin ƙofa. Ba ya barin komai ya tashi sai mai ɗauke da sa hannun da ya sani. Ventoy yana da hanyar da za ka gabatar da makullinsa a wannan shuɗin allon a karɓe shi, amma ni sauri nake, na shiga saiti na kashe mai gadin gaba ɗaya.

Bari in tsaya a nan, don na yi hakan ne kawai saboda diskin Kawu ya riga ya mutu, babu abin da zan rasa. A kwamfutar da diskinta ke da rai ba na taɓa wannan saitin sai na tambaya. Laftof da yawa yanzu suna zuwa da BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan diski, a kunne ba tare da mai ita ya sani ba. Kana kashe Secure Boot, in Windows ta zo tashi sai ta ga an taɓa ƙofa, ta ce sai ka kawo makullin ceto mai lamba 48. Makullin yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. A garin nan kuwa wanda ya fara saita ta sau da yawa wani yaro ne a wani shago, da imel ɗin da ya ƙirƙira a tsaye ya manta kafin ya ci abincin rana. Sau da yawa in ka mayar da saitin yadda yake takan haƙura ta tashi. Na taɓa gamuwa da wadda ba ta haƙura ba, ta wata malamar makaranta, muka kwana biyu muna neman wanda ya sayar mata. Tun daga ranar nake fara duba ko akwai ɗan kwaɗo a jikin C kafin in shiga BIOS.

Na kashe, Ventoy ya buɗe, na zaɓi ISO ɗina. Sandar lodi ta fara tafiya, ta kai wajen rabi, ta tsaya, sai saƙon cewa wani fayil ya lalace. Na ce ƙila kwafin bai kammala ba. Na goge, na sake kwafa, na cire shi yadda ya kamata. Haka dai. Na gwada wani ISO da ke saman jerin, tsoho, ya tashi lafiya lau. Na gwada wani da yaron ya ce makon jiya ya saka, ya ƙi.

A nan jikina ya ba ni. Na zare filashin na sake sokawa a kwamfutar tebur, don kada Windows ta karanto min daga abin da ta riƙe a ram, na buɗe baƙin allon rubuta umarni na rubuta certutil -hashfile, sunan fayil, SHA256. Na yi wa na kan tebur, na yi wa na kan filashi. Wannan umarnin yana fitar da dogon layin haruffa da lambobi, tamkar zanen yatsan fayil. In ko ɗigo ɗaya ya canja a ciki, layin ya canja baki ɗaya. Biyun ko kama ba su yi ba.

Filashin jabu ne. A jikinsa an rubuta giga 64, ita ma kwamfuta 64 take gani, don an koya wa ɗan guntun da ke ciki ya yi ƙarya. Ainihin cikinsa bai wuce takwas ba. Duk abin da ka zuba kafin ya cika yana nan, abin da ya biyo baya kuwa sunansa kawai za ka gani da girmansa, ciki iska. Washegari na tabbatar da H2testw, 'yar ƙaramar manhajar da ta fito daga wata mujallar kwamfuta ta Jamus mai suna c't, wadda ke cika filashi da bayanai har baki sannan ta karanto ta gani. Yaron sai cewa yake, "Wallahi Oga a kwalinsa na saya." Na ce ai kwalin ba shi da tsada.

An yi isha'i, mun dawo. Kawu na kan benci da carbi, bai ce komai ba, kuma shirun Kawu ya fi faɗansa nauyi.

Na tona durowa na samo wani tsohon filashi mai giga 4, murfinsa ya ɓata, irin wanda ake rabawa a taro. Na bar Macrium ta rubuta masa da kanta, ba ta hannun kowa ba. Ta tsara shi FAT32, ta zuba masa 'yar ƙaramar Windows ɗin nan da ake kira WinPE. Ya tashi ba gardama. Allon manhajar ya buɗe, ga diskin waje, ga hoton Kawu da sunan da na sa masa. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har Kawu ya ɗago. Na danna mayarwa, ta ce in zaɓi inda za a zuba. Wurin fayau. Diskin waje da filashi kawai take gani. Sabon SSD ɗin da na ɗaura da hannuna, babu shi babu dalilinsa.

Nan na ɓata fiye da awa guda, kuma nan na yi abin kunya. Na kashe, na kwance, na zare, na goge haƙoransa, na mayar, na ɗaure. Babu. Na buɗe diskpart, manhajar Windows ta sarrafa diski, na rubuta list disk, biyu dai. Tunda filashin jabu bai daɗe da cizona ba, zuciyata ta tafi kai tsaye ga cewa shi ma SSD ɗin jabu ne. Na kira maƙwabcina, mutumin da muka yi shekara bakwai muna sallah sahu ɗaya, yana gida cikin iyalinsa, na gaya masa maganar da ba ta dace ba. Ya ce, "Malam, kayana ba su taɓa dawowa ba, amma in ka tabbata kawo da safe." Na ajiye waya ina huci.

Abin da ya cece ni ɗabi'a ce kawai. Ba na yanke wa diski hukunci da shaida ɗaya. Cikin tsofaffin ISO ɗin da suka faɗa ɓangaren gaskiya na filashin yaron akwai Clonezilla, wata manhajar ɗaukar hoton diski. Ita ba Windows ba ce, a kan Linux take, daga wata cibiyar kwamfuta ta ƙasar Taiwan ta fito, kyauta ce kuma. Na tayar da ita. Farko allo ya yi baƙi ƙirin, na sake tashi na zaɓi layin da ke rage wa hoto nauyi, ta buɗe. Na bi matakan har inda take jero diskoki, sai ga shi a sama: nvme0n1, giga 512, da sunan kamfaninsa da lambarsa.

Diskin lafiyarsa ƙalau. Clonezilla ba za ta iya buɗe hoton Macrium ba, kowace manhaja da irin ƙullin kayanta, don haka ba ta da amfani wajen mayarwa. Amma ta ba ni shaida, kuma shaidar ta canja tambayar. Da ina tambayar me ya sami diskin. Yanzu tambayar ita ce me Linux ke da shi wanda WinPE ɗina ba shi da shi.

Direba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya magana da wata na'ura. Sitikar da ke kusa da kibod tun magariba take kallona: firosesa Core i5, ƙarni na 11. Daga wannan ƙarnin na Intel, wanda ya fara shiga laftof a ƙarshen 2020, kamfanoni da yawa suna fitar da kwamfuta da wani abu a kunne mai suna VMD. Diskin ba ya magana da Windows kai tsaye, sai ta bakin wani wakili da ke tsakani, kuma wakilin yana da direbansa na musamman, cikin kunshin Intel RST. Windows ɗin Kawu tana da shi, da shi aka girka ta. Linux na da nata a ciki tun asali. WinPE ɗin da na haɗa a kan tsohuwar kwamfutar tebur ɗina bai taɓa jin labarinsa ba. Mota na tasha, fasinja sun cika, direba ne babu. Masu girka Windows a sababbin laftof sun san wannan ciwon, shi ne ka kai inda za ka zaɓi diski ka tarar da allo wayam.

Abin da ya fi ci min rai, Macrium ta tanadi maganin tun farko. In ka haɗa filashin ceto a kan kwamfutar da za a ceta, tana duba direbobin diski da na USB da na netwok na wannan kwamfutar ta kwashe su ta zuba ciki. Ranar da na saita wa Kawu, ta ma tuna min in yi. Aikin minti goma ne. Na ce filashi ai filashi ne, ina da nawa a makulli, na rufe na tafi cin tsire.

Na saba da zamanin da hakan gaskiya ne. Na fara wannan aikin a wata kafe ta intanet lokacin Windows XP, kwamfuta goma iri ɗaya, kullum yara na cika su da bairos. Makaminmu Norton Ghost ne, manhajar hoton diski ta lokacin, a kan fulofi mai mega 1.44. Ka tashi da DOS, ka buɗe Ghost, kafin ka gama cin ƙosai kwamfuta ta dawo sabuwa. Fulofi ɗaya yana tayar da kowace kwamfuta a unguwar, abokin gabarsa kawai ƙurar hunturu. An daina sayar da Ghost ɗin a 2013, amma hannuna bai daina tunanin cewa abin tashi ɗaya ya isa duniya ba.

Hanya biyu ce a gabana. Ta kirki: in sauke direban daga shafin kamfanin laftof ɗin, in warware shi, in sa a filashi, in loda shi cikin WinPE da umarnin drvload. Ta gaggawa: in shiga BIOS in kashe VMD, diskin ya fito fili. Ƙarfe goma ta wuce, netwok na jan ƙafa. Na bi ta gaggawa. Na kashe, na tashi, ga diski. Na ja ɓangaren da ke cikin hoton na ajiye a kansa, na danna. Macrium ta ce kusan minti hamsin.

A minti na ashirin aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin ba ya kai awa, kuma diskin waje a jikinsa yake sha. Yaron ya fita da fitilar waya yana jan igiyar janareta, ni ina kallon kashi nawa ya rage, Kawu ya ce, "A dai yi salati." A ja na shida ya kama.

Ta gama, ta ce an yi nasara. Na zare filashi na kunna. "No bootable device."

Na koma na buɗe hoton na dube shi da kyau, abin da ya kamata in yi tun wata takwas da suka wuce. Ɓangare ɗaya ne a ciki, C kaɗai. Diskin Windows na zamani yana da wasu ƙananan ɓangarori a gefe, kuma ɗaya daga cikinsu, ɗan mega 100 ko sama da haka mai FAT32, shi ne wanda UEFI ke nema, a nan fayilolin tashi suke. Manhajar tana da maɓalli guda da ke zaɓar duk abin da Windows ke buƙata. Ni na ga ƙananan abubuwa marasa harafi, na cire musu alama da hannuna, wai ina rage tarkace. A zamanin XP ɓangare ɗaya ya wadatar. Na ɗauki gida na bar ƙofar.

Wannan aƙalla na san gyaransa. Na tashi da filashin, na buɗe baƙin allo. Kafin in rubuta komai na zare diskin waje na ajiye shi a kan cinyar Kawu. Diskpart ba ya tambayar ko ka tabbata. In ka zaɓi lamba ɗaya a maimakon sifiri ka rubuta clean, hoton da kake taƙama da shi ya tafi cikin ƙiftawar ido, kuma da tsakar dare, ido na yaji, ɗaya da sifiri 'yan uwan juna ne. Har na fara shirin share sabon diskin in sake komai daga farko, wani minti hamsin ɗin, sai na tuna sabon ya ninka tsohon, rabinsa fili ne. Ɓangaren EFI ba dole sai a gaba ba, ko a bayan C ya zauna UEFI zai same shi. List disk ya nuna tauraro a ƙarƙashin Gpt, wato tsarin diskin daidai ne. Na rubuta create partition efi size=100, na bi da format quick fs=fat32, na ba shi harafin S.

Saura a zuba masa fayilolin tashi. A cikin WinPE haruffa kan rikice, abin da ka sani da C yana iya zama D ko E, shi kansa WinPE yana zaune a X. Na leƙa su ɗaya-ɗaya da dir har na ga foldar Windows a D. Sannan bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI. Layi ɗaya ya fito yana cewa an ƙirƙiri fayilolin.

Na kunna. Tambarin kamfani, ɗigogi suna zagaye, suna zagaye, sai shuɗin allo: INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Yaron ya dafe kai. Ni kuwa dariya ta kama ni, don wannan ne kaɗai abin da na yi tsammani a duk daren. Windows ɗin Kawu ta saba magana da diski ta bakin wakili, ni kuma na kori wakilin. Na shiga BIOS na mayar da VMD, na mayar da Secure Boot tunda ina wurin, na adana. Ɗigogi suka zagaya sau uku, sai ga hoton jikokin Kawu a allo, da gumakansa sun cika fuskar kwamfutar har ba masaka tsinke, yadda ya bar su. Ƙarfe ɗaya da rabi.

Wani zai ce da Clonezilla na yi amfani tun farko da ban sha wannan wahalar ba. Ta wani gefen haka ne, tana ganin diskoki da yawa ba tare da an roƙe ta ba, kuma in ka ce ta ɗauki diski ɗungurungum ba ta barin ƙofa a baya. Amma ita sai ka kashe kwamfuta ka tashi da filashi duk lokacin da za ka ɗauki hoto, kuma Kawu ba zai taɓa yin haka ba. Shuɗin allonta mai sda da sdb yana tsorata har masu gyara, kuma in Windows ba ta mutu da gaske ba, in tana cikin rabin barcin nan na saurin tashi da aka shigo da shi tun Windows 8, Clonezilla takan ƙi taɓa ɓangaren. Rescuezilla ta fi ta fuskar mutane, ana danna ta da mawus, tana kuma buɗe hotunan Clonezilla. Tun da aka rufe Macrium ta kyauta, wadda gyaranta na ƙarshe ya tsaya a farkon 2024, Rescuezilla nake sa wa masu ƙananan shaguna da ke iya kawo min kwamfuta duk wata. Ga irin Kawu, wanda sai abin ya yi kansa, har yanzu manhajar da ke aiki daga cikin Windows ce mafita, da filashinta.

Kawu ya jawo kujera, ya sa tabarau, ya buɗe CorelDRAW. Komai na nan. Ya shiga foldar katunan biki ya gangara ƙasa, ya hau sama, ya sake gangarawa.

"Ɗan nan, ina katin?"

Na duba ranar hoton. Kwana goma sha tara. Manhajar ba ta iya ɗauka sai diskin waje na jone, shi kuma Kawu a durowa yake kulle shi don kada yara su ɗauka, sai ya tuna yake sokawa. Katin ranar Litinin ya zana shi.

Bai yi faɗa ba. Ya ciro waya ya nemo samfurin da ya tura wa dangin ango ta WhatsApp, ya jingina ta da kofin shayi, ya fara zanawa yana kallo. Rubutun Larabcin da ya yi bismilla da shi yana nan, furannin gefe suna cikin wani tsohon kati, sunaye kawai ya sake bugawa. Minti arba'in ya gama. Na kai shi gida a babur, unguwa tsit sai karnuka.

Da safe kafin in buɗe shago na shiga wurin maƙwabcina na ba shi haƙuri a gaban yaransa, tunda a gaban iyalinsa na yi masa laifin. Ranar Asabar na tafi Fagge da sabon filashi da na gwada da H2testw. Na gyara saitin hoton ya haɗa da duk ɓangarorin, na haɗa filashin ceto a kan laftof ɗin Kawu ita kanta, na kashe ta na tashi da shi, da VMD da Secure Boot duk a kunne, na tsaya har sai da na ga diskin ciki da na waje sun fito tare a allo ɗaya. Sannan na nemi zaren ɗinkin littafin rasit na ɗaure filashin a wayar diskin waje, na manna masa takarda da sunan laftof ɗin da kwanan wata.

Kawu ya ɗaga yana jujjuyawa. "Wannan kuma layar mece ce?"

Na ce ta laftof ce, kada a raba su. Ya buɗe durowa zai jefa, na riƙe hannunsa na ce diskin dai a bar shi a jone ranar Juma'a, daga safe har a sauko daga masallaci. Ya ce to, ya cire kalandar da ke bango, ya zagaye duk Juma'o'in watan da jan biro.